Gudun Hijira a Rubutun Zube na Hausa: Sake Duban Littafin Shaihu Umar



Wannan takarda daga cikin aji ta samo asali. A zangon karatun da ya wuce ina karantar da littafin Shaihu Umar ga ɗaliban da za su fita su zama malaman firamare da ƙananan makarantun sakandare, sai na lura wani ɗalibi ya yi mako uku bai zo ba. Da ya dawo na tambaye shi dalili, ya ce mutanen ƙauyensu ne suka tashi, can wajen Dutsen Abba, saboda masu satar mutane, shi ne ya tsaya neman ɗakin da zai ajiye mahaifiyarsa da ƙannensa a Tudun Wada. Ran nan kuwa darasinmu a kan jigon littafin ne, har na riga na rubuta a allo cewa jigonsa haƙuri ne da neman ilmi, kamar yadda aka koya mini, kamar kuma yadda yake a takardun jarrabawa. Na dubi allon, na dubi yaron, sai na ga lalle akwai abin da muka daɗe muna tsallakewa a cikin wannan littafi. Maƙasudina a nan shi ne in nuna cewa Shaihu Umar labarin tarwatsewar iyali ne da raba mutane da garuruwansu, kuma yadda aka tsara shi, da yadda mu malamai muke karantar da shi, sun taru sun rufe wannan al'amari.

Kalmar da kayan da take ɗauke da su

Kafin a shiga littafin ya kamata a ɗan tsaya a kan kalmar. A dokokin duniya an raba mutum biyu. Akwai wanda ya tsallaka iyakar ƙasarsa, wanda yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 da ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 suka yi magana a kansa. Akwai kuma wanda aka raba da gidansa amma yana cikin ƙasarsa, wanda sai a 2009 aka yi masa yarjejeniya tasa a Kampala. Bahaushe bai yi wannan rabo ba. Da wanda ya bar Sabon Birni ya tsallaka Gidan Rumji a jihar Maraɗi, da wanda ya bar Giwa ya shigo Zariya, duk 'yan gudun hijira ake ce musu a rediyo. Ba na ganin wannan kasawar harshe ce, domin mutumin Gobir da ya tsallaka Maraɗi wajen danginsa ya tafi, sau da yawa ma ya fi wanda ya shigo birni samun wanda ya san shi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne kalmomi biyun da aka haɗa. Hijira kalma ce mai daraja. Ita Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi daga Makka zuwa Madina. Ita Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, har ya wallafa littafi a kan wajabcinta a 1806. Ita Sarkin Musulmi Attahiru ya yi a 1903 da Turawa suka ci Sakkwato, jama'a suka yi ta binsa har Burmi, inda aka kashe shi a watan Yuli na wannan shekara, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ƙarasa da sauran mutane Sudan. Mai hijira yana da niyya, yana da shugaba, yana kuma sa ran masu tarbarsa. Gudu kuwa ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun nan, kuma a al'adarmu abin kunya ne ga namiji. Adabinmu ya iya maganar hijira ƙwarai, da waƙa da zube. Gudun ne bai iya ba. Ita kuwa matar da ta kwana a daji da goyo, da safe ta hau motar itace ta shigo gari, gudu ta yi.

Mu mutanen Zazzau bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Sarkin Zazzau Muhammadu Makau da jama'arsa sun bar wannan birni a farkon ƙarni na 19, suka yi kudu wajen Zuba, har ƙanensa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, wadda yau ake kira Suleja. Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta tarihin wannan ƙaura, amma tarihin sarakuna ne. Talakan da ya ɗauki tukunya da tabarma ya bi su, ba mu da labarinsa.

Shaihu Umar

Kowa a zauren nan ya san asalin littafin. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi don gasar da Rupert East ya shirya a 1933 a Hukumar Fassara, nan Zariya, aka buga shi a 1934 tare da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Mervyn Hiskett ya mai da shi Turanci a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976.

To, a ƙirga yawan tashin da ke cikinsa. An kori Makau, mijin uwar Umar, daga Kagara saboda sharrin fadawa, ya je ya zauna Maƙarfi. Uwar ta tafi Fatika ganin iyayenta kafin ta bi shi, ta bar yaron a hannun wata. Aka sace yaron. Kura ta kashe ɓarawon, wasu mutane suka tsinci yaron suka riƙe shi, mahara suka faɗa wa wurin suka sake kwashe shi. Aka kai shi Kano, ya shiga hannun Balarabe Abdulkarim, aka ƙetare Sahara da shi. Uwar ta bi sawunsa, aka yaudare ta, ta faɗa bauta, ta bi ta Murzuk har Tarabulus. A kan hanyar komowa guguwar rairayi ta binne ayarin, Umar ya tsira, ya ƙare a Rauta, garin da ba nasa ba. Babu mutum ɗaya daga cikin manyan taurarin littafin da ya mutu a garin da aka haife shi. In wannan ba labarin raba mutane da gidajensu ba ne, to ban san wane ne ba.

Sunayen garuruwan ma kansu sun isa su sa mai karatu na yau ya tsaya. Fatika tana cikin ƙaramar hukumar Giwa, yankin da 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka da dama a shekarun nan. Kagara kuwa, garin da ke ɗauke da wannan suna a Jihar Neja, can aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya a watan Fabrairu na 2021, shekara tamanin da bakwai bayan fitowar littafin. Na faɗi haka ne domin in aka ba wa ɗalibi labarin ba tare da shekara ba, ba zai iya rarrabe na ƙarnin da ya wuce da na jiya ba.

Me ya sa ke nan muka karanta shi a matsayin littafin haƙuri da ilmi? Amsar tana cikin zubinsa. Labarin daga bakin Umar yake fitowa, bayan ya tsufa, ya zama shaihi, almajirai sun kewaye shi suna tambayarsa asalinsa. Tun shafin farko mai karatu ya riga ya san yaron nan ba zai halaka ba, zai ma ɗaukaka. Saboda haka duk wata masifa da ta same shi sai ta zama matakala. Satarsa ita ta kai shi Kano, Kano ta kai shi ga Abdulkarim, Abdulkarim ya kai shi ga karatu. Mai karatu yana rufe littafin da jin cewa ba don an sace shi ba da bai zama malami ba. Wannan dabara ce mai ƙarfi, ita ce kuma ta ba littafin natsuwar da ake yabonsa da ita, amma tana da tsada. Ta mai da zaluncin da mutane suka yi da hannunsu ya koma kamar ruwan sama ko fari, abin da ba a tuhumar kowa a kansa. Ba ina jayayya da imani da ƙaddara ba ne, Allah ya kiyaye. Abin da nake cewa shi ne, addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne kuma ya koya mana cewa azzalumi zai amsa tambaya, littafin kuwa ya ɗauki na farkon ya sassauta na biyun.

Dubi Makau. An nuna mana shi mutumin kirki, mai gaskiya, wanda aka zalunta, kuma muna jin tausayinsa sa'ad da aka kore shi. Amma sharrin da aka yi masa a kan me? A kan rabon bayin da aka kamo a hari. Watau littafin ya buɗe ne da tashin wani ƙauye, mu kuwa muna tsaye a gefen maharan, muna jin haushin an cuci ɗaya daga cikinsu wajen lissafi. Mutanen da aka kamo ba su da suna, ba su da magana, ba a kuma sake waiwayarsu ba. Su ne 'yan gudun hijirar farko a rubutun zube na Hausa, an kuwa wuce su cikin 'yan layuka.

Sai uwar, wadda a ganina ita ce zuciyar littafin, ita ce kuma wurin da marubucin ya kusa fita daga tsarin da ya ɗaura wa kansa. Umar ba ya kiran sunanta, bisa kunyar ɗa ga mahaifiya, don haka mu ma da uwa kawai muka san ta. Ita kaɗai ce ta tashi da niyyarta, ba a kore ta ba, ba a sace ta ba. Ta bar miji da dangi ta shiga hanyar da mazan fatake ke tsoro. Ita ce kuma ba ta sami komai ba. Wahalar Umar ta haifi ilmi, wahalarta ba ta haifi kome ba sai ganin ɗanta sau ɗaya, ta rasu ba da jimawa ba. A nan lissafin matakala ya karye, domin babu yadda za a ce bautar da ta sha ta kai ta ga wani matsayi. Ina zaton shi ya sa masu sharhi suke wuce ta da sauri, su ce misali ce ta ƙaunar uwa, su koma kan Umar. Amma ƙaunar uwa ba ta isa ta bayyana abin da aka rubuta ba. Abin da aka rubuta shi ne yadda mace marar majiɓinci take zama ganima ga duk wanda ya ce zai taimake ta, da yadda kukanta ba ya isa inda za a share mata hawaye in tana baƙuwa. Duk wanda ya saurari matan da suka zauna a sansanonin Maiduguri, ko ya karanta rahotannin da aka yi a kan masu neman lalata da su a bakin abinci, ya san wannan ba tsohon labari ba ne.

Sai dai a yi wa Malam Abubakar adalci. Yana da shekara ashirin da ɗaya ko da biyu ya rubuta littafin, yana malamin makaranta a Bauci, kuma abin da hukumar take nema shi ne ɗan littafin karatu ga 'yan makaranta. Daɗin daɗawa, labarin da zai nuna zamanin kafin Turawa cike da hari da bauta labari ne da zai yi wa masu gasar daɗi. Duk da haka bai rubuta littafin yabon Turawa ba, bai kuma kawo wani Bature ya ceci kowa ba. In aka gwada shi da Ganɗoki na Bello Kagara sai a ga nisan da ya yi. Shi ma Ganɗoki labarin wanda ya bar ƙasarsa ne bayan Turawa sun ci ta, amma an mai da barin ƙasar jarunta, da kirari da sara da suka, har aka dangana da ƙasar aljannu. Ganɗoki bai taɓa jin yunwar da za ta sa mai karatu ya ji ta ba. Uwar Umar ta ji.

Muryar da ta rage

Akwai wani littafi da nake ganin ya kamata a riƙa karanta shi kafaɗa da kafaɗa da Shaihu Umar, ko da yake ba ƙagaggen labari ba ne. Shi ne labarin Baba mutuniyar Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a Giwa da Zariya tsakanin 1949 da 1950, ya fito da Turanci a 1954, daga baya kuma aka fitar da Hausarsa. Baba ta ga zamanin hari da idonta tana yarinya. Abin da take ba da labari shi ne abin da Shaihu Umar ya tsallake, watau yadda ake jin labarin mahara, yadda mutanen rinji da ƙauye ke kwasar yara su shige gari mai ganuwa, yadda ake kama mata a gona ko a hanya, da yadda dangi ke haɗa kuɗin fansa su bi sawu. Ba ta mai da shi wa'azi ba, ba ta kuma mai da shi jarunta ba. Lissafi take yi, wa aka kama, nawa aka biya, wa ya dawo, wa bai dawo ba. Na karanta wa ɗalibaina wannan sashe, ba wanda ya ce tarihi ne. Bambancin kawai shi ne a da akwai ganuwar da ake gudu a shiga. Yanzu ganuwar ta zube, abin da ya maye gurbinta shi ne ɗakin haya a Tudun Wada, unguwar da tun asali aka kafa ta zamanin Turawa domin baƙi.

Abin takaici shi ne Baturiya ce ta zauna ta saurari Baba. Mu da muka gaji harshen ba mu yi irin wannan zama ba sa'ad da ya kamata. Yunwar Kakalaba ta 1914 da 'Yar Buhu ta 1927 sun tashi garuruwa, sunayensu sun zauna a bakin tsofaffi har ana ƙirga shekarun haihuwa da su, amma a iya karatuna ban ga ƙagaggen labarin da ya tsaya a kansu ba. A 1969 gwamnatin Gana ta kori baƙi, Hausawan zango da yawa suka komo ƙasar da wasunsu ba su taɓa gani ba. Farin 1973 da 1974 ya koro Buzaye daga Nijar, suka cika Kano da Zariya suna gadi, matansu suna bara, muka sa su a barkwanci, ba mu sa su a littafi ba. Rikicin Kafanchan na 1987 ya iso har nan garin. Bayan zaɓen 2011 mutanen Zonkwa da kewaye sun yi shekaru a sansanin alhazai na Mando a Kaduna. Rikicin Boko Haram ya raba fiye da mutum miliyan 2 da gidajensu, wasu suka tsallaka Diffa, wasu Minawao a Kamaru. Daga 2019 dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka shiga jihar Maraɗi, har aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Cadakori da wani ƙauye mai suna Ɗan Dajin Makau, sunan da bai kamata ya wuce mai nazarin Shaihu Umar ba tare da ya yi murmushin takaici ba. A watan Satumba na 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya kori mutanen Maiduguri, cikinsu har da waɗanda yaƙi ya riga ya kora sau ɗaya.

A tsawon wannan lokaci rubutun zube na Hausa bai mutu ba, ya ma yi yawan da bai taɓa yi ba, musamman daga shekarun 1980 da littattafan Kano suka fito. Ba na cikin masu raina waɗannan littattafai. Su ne suka buɗe ƙofar cikin gida, suka ba mace baki a kan kishiya da saki da auren dole. Amma duniyarsu duniya ce mai katanga, ana shiga gida ana fita, gidan yana nan. Labarin da gidan kansa ya zama kufai ya yi ƙaranci a cikin waɗanda suka zo hannuna. Waɗanda suka taɓa abin sosai, irin su Elnathan John a 2015 da Adaobi Tricia Nwaubani a 2018, da Turanci suka rubuta, mahaifiyar ɗalibina kuwa ko an karanta mata ba za ta ji ba.

Ina ganin dalilin bai wuce abin da na faɗa tun farko ba. Zubin labarin da muka gada, tun daga tatsuniya har zuwa Ruwan Bagaja, zubi ne na fita da komowa. Tauraro ya bar gida, ya sha wuya, ya komo da riba. Shi kansa cin rani haka yake, ana tafiya ne don a dawo kafin damina. Ɗan gudun hijira bai dace da wannan zubi ba, domin bai fita neman kome ba, sau da yawa kuma ba inda zai koma. Ko da gwamnatin Barno ta rufe sansanonin Maiduguri daga 2021, da yawa ba ƙauyukansu aka mai da su ba, hedikwatar ƙaramar hukuma aka kai su. Marubucin da zai rubuta wannan sai ya yarda ya bar labarinsa ba rufi, abin da mai karatunmu bai saba da shi ba, mai buga littafi kuma yake tsoro. Tafawa Ɓalewa ya yi rabin wannan aiki, tun da bai mai da Umar Kagara ba. Sauran rabin ya rufe shi da rawani.

Da na koma aji na goge abin da ke allon, na ba ɗalibai aikin su sake ba da labarin daga bakin uwar, daga ranar da ta komo daga Fatika ta tarar ba yaron. Mafi yawansu sun rubuta kuka da addu'a, shafi biyu, suka tsaya. Shi wancan ɗalibi bai rubuta kuka ba ko kaɗan. Ya rubuta abin da ta ɗauka da abin da ta bari, wa ta ba ajiyar akuyarta, nawa ne a ƙullin zanenta, da gardamar da ta yi da kanta a kan ko ta tafi da turmi. Na ba shi maki mafi yawa, abokin aikina da ya duba takardun bayana ya rage masa biyar, ya rubuta a gefe cewa bai fito da jigon haƙuri ba.